Yadda Maganin Tari Marar Afiyun Yake Aiki a Jikin Ɗan Adam

 Mas'alar da na ɗauko in yi bahasi a kanta a gabanku ita ce ta maganin tari wanda ba ya cikin jinsin afiyun: inda yake zuwa a cikin jiki idan an sha shi, da abin da yake taɓawa idan ya je, da kuma haddin da amfaninsa yake tsayawa.

Dalilin ɗauko ta ba ɓoyayye ba ne ga mutanen Nijeriya. A ranar 30 ga Afrilu, 2018, sashen bincike na BBC ya fitar da wani fim a kan yadda matasanmu, maza da mata, suke kwankwaɗar maganin tari mai kodin, aka nuna wa duniya abin da iyaye a Kano da sauran biranenmu suka daɗe suna kuka da shi. Washegari, 1 ga Mayu, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a zamanin minista Farfesa Isaac Adewole, ta hana shigo da kodin domin haɗa maganin tari, ta kuma ba da umarnin a maye gurbinsa da wani magani mai suna dekstrometofan. Tun daga lokacin nan wannan suna mai nauyin faɗa ya yawaita a jikin kwalaben da ke jere a kantocin kyamis, amma in ka tsaya a bakin kanta a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari kowa yana kaki, ka saurari cinikin da ake yi, za ka tarar abin da mai saye da mai sayarwa suka sani game da shi bai wuce kalma ɗaya ba, wato "wannan ba ya bugarwa". A ganina wannan sani ya yi ƙaranci ga abin da ake ɗura wa yara da tsofaffi, domin kuwa maganin nan bai taɓa warkar da cutar da ta jawo tari ba, aikinsa kawai ya ɗaga haddin da ƙwaƙwalwa take yanke hukuncin a yi tari, kuma amincin da aka san shi da shi a rataye yake da miƙdarin da aka sha.

Tari da hanyar da yake bi

Ba zai yiwu a fahimci maganin ba sai an fahimci abin da yake kwantarwa. Tari yana daga cikin ayyukan da Allah ya kimsa wa jiki domin tsaron numfashi, kuma yana da rukunai uku waɗanda in ɗaya ya faɗi ba za a yi shi ba: masu jin abin da ya shigo, da cibiyar da take yanke hukunci, da tsokokin da suke zartarwa.

Masu ji su ne bakunan wasu siraran jijiyoyi da ke shimfiɗe a cikin maƙogwaro da bututun iska da rassansa da suka ratsa huhu, kuma iri biyu ne. Akwai masu kube, masu saurin kai saƙo, waɗanda taɓawa take tayar da su, su ne suke aiki idan ƙwayar shinkafa ko kurɓin ruwa ya saɓa hanya mutum ya ƙware. Akwai kuma marasa kube, masu jinkiri, waɗanda sinadarai da kumburi suke tayarwa. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida sa'ad da aka jefa barkono a cikin mai mai zafi ya ga aikinsu da idonsa: kafin hayaƙin ya gama tashi, mai girki da yaran da ke wasa a bakin madafa da tsohuwar da ke cikin ɗaki duk sun kama tari. Abin da ya faru shi ne sinadarin yajin da ke cikin barkono ya sauka a kan wani makarɓi da ke jikin waɗannan jijiyoyi, mai suna TRPV1, wanda David Julius da abokan aikinsa suka gano a 1997, aka kuma ba shi kyautar Nobel a kansa a 2021. Mura ma ta nan take biyowa, domin idan ƙwayar cutar ta kumbura fatar cikin maƙogwaro, sai jijiyoyin su zama masu saurin fusata, har iska mai sanyi ko dariya ko doguwar magana ta ishe su su tashi.

Saƙon da suka ɗauka yana hawa ta babbar jijiyar nan ta goma daga cikin jijiyoyin kai, wadda likitoci suke kira bagus, har ya isa gindin ƙwaƙwalwa, daidai saitin ƙeya, inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa da laka. Wani ƙaramin reshe na wannan jijiya yana zuwa cikin kunne, shi ya sa ake samun mutane ƙalilan da in suka sa tsinke ko gashin kaza suna sakace kunne sai tari ya sarƙe su; sunan masanin Jamus Friedrich Arnold aka laƙaba wa wannan reshe. A can gindin ƙwaƙwalwa ne ake tara saƙonnin, in sun kai wani haddi sai umarni ya fito: a ja dogon numfashi, a rufe bakin maƙogwaro na kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, tsokokin ciki da na haƙarƙari su matse har ƙarfin matsin da ke cikin ƙirji ya iya kai wa milimita 300 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, sa'an nan a buɗe farat ɗaya, iska ta fito da abin da ya tsaya mata a hanya.

Akwai wani abu kuma da nake roƙon a riƙe, domin zan koma gare shi. Cibiyar nan tana sauraron saman ƙwaƙwalwa, inda niyya da hankali suke. Mutumin da tari ya taso masa ranar Juma'a liman yana huɗuba, ya danne shi yana haɗiyar yawu idonsa yana ƙwalla har aka tayar da salla, ya kafa hujja a kan haka ba tare da ya shiga ɗakin gwaji ba.

Daga afiyun zuwa dekstrometofan

Magabata sun san afiyun, wato busasshen ƙaron da ake tatsa daga kan furen hashhash, yana kwantar da tari, kuma Ibn Sina ya ambaci wannan a cikin Al-Ƙanun fiɗ Ɗibb tare da gargaɗi a kan cutarwarsa. A farkon ƙarni na 19 Friedrich Sertürner ya ware mofin daga cikinsa, a 1832 Pierre Robiquet na Faransa ya ware kodin, a 1898 kuwa kamfanin Bayer ya fito da hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari, da zaton ba ya kama mutum, zaton da bai daɗe ba ya ƙaryata kansa. Dukkan waɗannan a kan makarɓi ɗaya suke sauka, wanda ake kira miyu, kuma musibar ita ce wannan makarɓi ba a cibiyar tari kaɗai yake ba. Yana nan a cibiyar da take tafiyar da numfashi, yana nan a hanji, yana nan a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da jin daɗi da kwaɗayi. Saboda haka wanda ya nemi kwanciyar tari ta wannan hanya, dole ya karɓe ta haɗe da raunin numfashi da taurin bayan gida da gyangyaɗi, in ya dawwama kuma jaraba ta biyo baya, har jiki ya kai ga ba ya zama lafiya sai da shi. Abin da masana suka yi ta nema shekara da shekaru shi ne su raba kwanciyar tarin da sauran.

Mafitar ta zo ta wata ƙa'ida da Louis Pasteur ya gano tun 1848, sa'ad da ya zauna da madubin ƙara girma da ɗan hantsaki yana tsince ƙananan duwatsun wani gishiri ɗaya bayan ɗaya, ya ga sun kasu biyu, kowane kashi hoton ɗan'uwansa ne a madubi. Sinadarai biyu suna iya yin tarayya a cikin dukkan zarrorin da aka gina su da su, adadi da jeri, amma su saɓa a fuskar da suka kalla, ɗaya yana juya tataccen haske dama, ɗaya hagu. Misalinsu misalin ƙafafun mutum ne: yatsu biyar biyar, tsawo ɗaya, amma ƙafar dama ba ta zama a takalmin hagu. Makarɓan jiki kuwa kowanne an ɗinka shi ne wa ƙafa ɗaya.

A ƙarshen shekarun 1940 masana na kamfanin Hoffmann-La Roche a Suwizalan suka haɗa wasu sinadarai masu ƙirar mofin, daga baya suka raba na dama da na hagu. A farkon shekarun 1950 Harris Isbell da H. F. Fraser suka gwada su a asibitin gwamnatin Amurka da ke Lexington a jihar Kentucky, a jikin fursunoni masu jarabar mofin, irin gwajin da ƙa'idojin bincike na yau ba za su yarda da shi ba, kuma daidai ne da ba za su yarda ba. Abin da ya bayyana shi ne na hagun, lebometofan, afiyun ne cikakke mai ƙarfi, yana kashe wa mai jaraba ƙishirwarsa. Na daman kuwa, dekstrometofan, ba ya kashe ta, ba ya kashe zafin ciwo yadda mofin yake yi, amma kwantar da tari yana nan tare da shi. A 1958 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba.

Kada a ɗauka wannan bambanci na dama da hagu hasashen malamai ne a kan allo. A ƙarshen 2012, a biranen Lahore da Gujranwala na Pakistan, kimanin mutum 60 suka rasu bayan sun sha maganin tari, kuma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwarsa a Janairun 2013 ya nuna garin dekstrometofan ɗin da aka haɗa maganin da shi ya gauraya da ɗan'uwansa na hagu. Ke nan amincin kwalbar da ke hannun mai saye ya dogara ga tsarkin garin da masana'anta ta saya, da kuma idon hukuma irin NAFDAC a kansa.

To, tunda ba ya zama a makarɓin miyu sai zama mai rauni ƙwarai, ina yake zama? Bayan an sha shi hanji ya tsotse shi, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, abin da aka tabbatar shi ne yana taɓa wurare uku. Na farko wani makarɓi ne mai suna NMDA. Saƙon da jijiyar bagus ta kawo ba ya tsallakawa daga ƙwayar jijiya zuwa ta gaba sai ta hanyar wani sinadari mai suna gulutamet, wanda ƙwayar farko take fesawa ta biyu ta karɓa, kuma NMDA yana cikin makarɓan da suke karɓarsa, musamman idan saƙo ya yi ta maimaituwa yana neman ya ƙara ƙarfi. Dekstrometofan, da wani abin da hanta take juya shi zuwa gare shi mai suna dekstrofan, suna shiga cikin kafar wannan makarɓi su toshe ta, sai ya zama saƙon ya iso amma da rauni. Na biyu makarɓin sigma-1 ne, wanda yake da yawa a wannan yanki na gindin ƙwaƙwalwa, kuma gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna tayar da shi yana rage tari. Na uku shi ne yana hana jijiyoyi sake tsotse sirotonin bayan sun fesa shi, sai ya daɗe yana aiki. Masana sun yi saɓani a kan wanne ne daga cikin ukun ya fi rinjaye wajen kwantar da tari, amma sun yi ittifaƙi a kan natijar: ƙaiƙayin da a da ya isa ya tayar da tari yanzu bai isa ba, sai wanda ya fi shi ƙarfi. Shi ya sa wanda ya sha shi bisa ƙa'ida, in ya ƙware da ruwa zai yi tari ya fitar, numfashinsa kuma yana tafiya yadda yake.

Yakan fara aiki tsakanin minti 15 zuwa 30, ya ɗauki awa uku zuwa shida. Miƙdarin babban mutum miligiram 10 zuwa 20 ne duk awa huɗu, ko 30 duk awa shida zuwa takwas, da sharaɗin kada a wuce 120 a yini da kwana.

Hanta, da saɓanin halittar mutane

A nan akwai wani bahasi da nake ganin ya fi cancantar masu bincikenmu su ba shi lokaci. Wanda yake sarrafa dekstrometofan a cikin hanta wani inzayim ne mai suna CYP2D6, kuma mutane ba daidai suke a kansa ba, gado ne daga iyaye. A cikin Turawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba su da shi mai aiki, saboda haka maganin da rabinsa yake barin jinin wani cikin awa biyu zuwa huɗu, su yakan kwana ya yini a jikinsu, in suka bi umarnin kwalba sai ya taru ya sa su jiri da ruɗewa. A Habasha kuwa wani bincike na 1996 ya sami kusan kashi 29 cikin ɗari suna da shi ninki biyu ko fiye, hantarsu tana gama aikin da gaggawa. Waɗannan kodin ya fi yi musu haɗari, domin wannan inzayim ɗin ne dai yake juya kodin ya koma mofin. A tsakanin baƙaƙen Afirka ta kudu da Sahara kuma akwai wani nau'i nasa mai rauni da ya yawaita, wanda aka fara bayyanawa a jikin mutanen Zimbabwe. Ma'anar wannan ita ce cokali ɗaya ba hukunci ɗaya yake da shi a jikin kowa ba, kuma majinyacin da ya dawo ya ce wa likita maganin nan yana juya masa kai, alhali bai wuce ƙa'ida ba, ya cancanci a gaskata shi.

Wasu magunguna kuma suna danne wannan inzayim, irin su kwinidin na ciwon zuciya da fuluoksetin da faroksetin na ciwon damuwa. Har an mai da wannan hanyar magani da gangan: a 2010 aka yarda a Amurka da haɗin dekstrometofan da kwinidin domin masu larurar kuka ko dariyar da ba sa iya riƙewa, a 2022 kuma da haɗinsa da bufrofiyon domin ciwon damuwa, abin da yake nuna mana cewa maganin ƙwaƙwalwa ne na haƙiƙa ko da a kwalbar tari aka zuba shi. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na sirotonin. In aka haɗa shi da wani maganin da shi ma yake ɗaga sirotonin, sai abin ya yi yawa, mutum ya kama zazzaɓi da zufa da karkarwa da bugun zuciya da gushewar hankali, wani lokaci har rai ya salwanta. Tsofaffin magungunan damuwa da ake kira MAOI wajibi ne a bar kwana 14 tsakaninsu da shi. Tiramadol ma yana cikin masu ɗaga sirotonin, kuma ba sai na gaya muku yawan leburori da 'yan acaɓa da masu aikin gona da suke haɗiyarsa da safe ba.

Masu aiki a huhu

Akwai wani jinsi da ba ya zuwa ƙwaƙwalwa, a rukunin farko, wato masu ji, yake tsayawa. Mafi shahara a cikinsu benzonatet ne, wanda shi ma a 1958 aka yarda da shi a Amurka, ɗan'uwan allurar nan da likitan haƙori yake kashe dasashi da ita. Yana toshe ƙananan kafofin da sodiyam yake bi ya shiga jijiya, kuma in sodiyam bai shiga ba saƙo ba ya tashi, sai bakunan jijiyoyin huhu su yi sanyi. Yana fara aiki cikin minti 15 zuwa 20, ya kai awa uku zuwa takwas. Sharaɗinsa mai tsanani ne: a haɗiye kafson ɗungurungum, domin wanda ya tauna ko ya tsotsa, bakinsa da maƙoshinsa za su mutu, ya iya shaƙewa, kuma a 2010 hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙwaya ɗaya ko biyu ta isa ta yi wa ƙananan yaran da suka ɗauke shi alewa mummunar illa, har an sami waɗanda suka mutu. Lebodurofirofizin na Italiya shi ma a jijiyoyin huhu yake aiki. Na baya-bayan nan shi ne gefafiksan, wanda yake toshe makarɓin P2X3 a jikin jijiyoyin nan marasa kube, aka yarda da shi a Japan a 2022 da Tarayyar Turai a 2023 domin tarin da ya daɗe ya ƙi jin magani, sai dai yana dagula wa da yawa daga masu shansa ɗanɗano.

Me hujja ta nuna?

Bayanin yadda magani yake aiki daban, tabbatar da cewa ya yi aikin a jikin majinyaci daban, kuma amanar ilmi ta wajabta a faɗi cewa a nan hujjar ba ta kai ƙarfin cinikin ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2014 a kan magungunan tarin da ake saye ba takardar likita ta kammala da cewa babu ƙaƙƙarfar hujja ta tabbatar da amfaninsu ko ta kore shi a tarin mura. Farfesa Ronald Eccles na cibiyar binciken mura a Cardiff ya ƙiyasta a 2002 cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na sauƙin da ake samu daga maganin tari ana samunsa ko da kwalbar babu maganin a cikinta, kashi 15 ne kacal na sinadarin. Shi dai wannan malami ya gwada kodin a tarin mura bai same shi ya fi ruwan zaƙi ba, wanda ke nan abin da aka hana a 2018 ba wata babbar asara ba ce ga masu mura.

Wannan kashi 85 ba ƙarya ba ne ko ruɗin ido. Ruwa mai kauri da zaƙi yana lulluɓe maƙoshi, yana tsinko yawu, mutum ya yi ta haɗiya; ga kuma natsuwar wanda ya sakankance ya sha magani, wadda take saukowa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa cibiyar tari ta hanyar nan da mai sauraron huɗuba ya bi. A 2007 Ian Paul da abokansa a jihar Pennsylvania suka kasa yara 105 masu mura kashi uku, wasu aka ba su zuma kafin barci, wasu dekstrometofan, wasu ba a ba su kome ba. Zuma ta fi rashin magani a fili, dekstrometofan kuwa fifikonsa a kan rashin magani bai kai a kafa hujja da shi ba. Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, ga abin da ya zo game da zuma a Suratun Nahli, amma a kiyaye, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda ƙwayar cutar da take iya shanye masa jiki. Game da maganin kwalba kuwa, Amurka ta hana ba yaran da ba su kai shekara biyu ba a 2008, Ingila ta kai hanin zuwa shekara shida a 2009. Inda nake ganin dekstrometofan yana da gurbi na gaskiya shi ne babban mutum mai busasshen tari da ya hana shi barci ko ya sa haƙarƙarinsa ciwo, na 'yan kwanaki.

Shin ba ya bugarwa?

Idan masana magani suka fitar da shi daga jinsin afiyun, nufinsu ba ya aiki ta makarɓin miyu, kuma ba ya jawo irin kamun da mofin yake yi. Ba su ce hankali ya tsira daga gare shi ko nawa aka sha ba. Makarɓin NMDA da yake toshewa kaɗan a gindin ƙwaƙwalwa, shi ne dai ketamin take toshewa da yawa a ɗakin tiyata, kuma wanda ya ɗaga kwalba ya shanye ninkin ba ninkin na ƙa'ida zai kai ga maye, da tangaɗi, da gane-gane, da jin kamar ya rabu da gangar jikinsa. An ga haka tun da wuri, har aka janye ƙwayar Romilar daga kantunan Amurka a 1973. Binciken shaye-shaye na ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 2.4 a Nijeriya suna shan maganin tari ba don tari ba, kuma ya ambaci mai kodin da mai dekstrometofan tare. Ƙari a kan haka, kwalaben galibi haɗi ne, akwai farasitamol ko maganin mura mai sa barci a ciki, sai mai neman maye ya ƙone hantarsa da abin da bai ma nufa ba.

Malamanmu na Malikiyya suna da ma'aunin da ya dace da wannan. Imam Shihabuddin al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Misira a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe a cikin Al-Furuƙ tsakanin abin da yake gusar da hankali tare da nishaɗi, da wanda yake ɓata shi ba tare da nishaɗin ba, da wanda yake gusar da shi tare da ji da gani, ya kuma bambanta hukunce-hukuncensu. Sanya dekstrometofan a ɗaya daga cikin waɗannan aikin fuƙaha'u ne, ba nawa ba. Abin da yake wuyan likitoci shi ne su kai musu sahihin bayani, cewa a cokali biyu hankali yana nan daram, a kwalba biyu kuwa ba ya nan, domin fatawa da wa'azi su ginu a kan sura ta gaskiya.

Saura waɗanda bai kamata a kwantar musu da tari ba sam. Mai tari da kaki, tarinsa ne yake share masa huhu, in aka danne shi majina ta kwanta ta zama matattarar ƙwayoyin cuta. Kuma kwalbar da ta haɗa mai tsinka kaki da mai hana fitar da shi, ban ga hikimar haɗin ba. Mai asma buɗe hanyar iska yake bukata. Mai hawan jini da yake shan lisinofiril ko danginsa, ya kamu da busasshen tari, sauya masa ƙwayar ake yi. Mafi girma duka a ƙasarmu, wadda take cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, shi ne mutumin da ya yi mako biyu yana tari, ko yana zufar dare, ko yana rama, ko ya ga jini a kakinsa: kowace kwalba da mai kyamis ya miƙa masa tana jinkirta gano cutar ne, alhali yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa. Irin wannan a tura shi a gwada kakinsa a cibiyar tarin fuka ta gwamnati mafi kusa, inda gwajin da maganin na wata shida duk kyauta ne.